Farar Giyar Beljiyam: Abin da ke Faruwa a Tukunyar Mai Dafa Ta a Gida

A yawancin ƙasashen da ake dafa giya, abin kunya ne mai sana'a ya fito da ita a gauraye. So ake a ɗaga kofi a hango yatsu ta ɗaya gefen, kuma a kan haka kamfanoni ke zuba maƙudan kuɗi wajen sayen injinan tacewa. Amma a Beljiyam akwai wani nau'i da aka gina a kan akasin wannan ƙa'ida. Shi da hazonsa ake son sa, fari-fari, da kumfa mai kauri a sama, yana tashin ƙamshin ɓawon lemu da kayan yaji. Mutanen arewacin ƙasar suna ce masa witbier, wato farar giya.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, kuma jihohi 12 na arewacin Najeriya sun koma bin dokokin Shari'a tun daga Zamfara a 1999. Wannan sana'a ce ta Turai da Amurka, a can take, a can kuma za mu bar ta. Abin da ya sa ta cancanci a yi mata fashin baƙi shi ne ilimin hatsin da ke cikinta, domin rabin aikin, tun daga jiƙa hatsi har zuwa tafasa ruwansa, shi ne dai aikin da ake yi a samar da lemun malt irin su Maltina da ake sha a ɗakunan biki.

Gidan wannan giya wani ƙaramin gari ne mai suna Hoegaarden, kusa da Tienen, gabas da Brussels. Ƙasa ce ta noman alkama. Ƙarnoni da dama garin yana ƙarƙashin mulkin masarautar birnin Liège alhali wata masarauta daban, Brabant, ta kewaye shi ta ko'ina, abin da ya ba masu dafa giyarsa sauƙin haraji, har madafai suka cika garin. Sai zamani ya juya. Giya mai garai-garai irin ta pilsner ta mamaye kasuwar Turai, madafan garin suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙarshe, ta gidan Tomsin, ta kulle ƙofa a 1957.

Wanda ya tono ta daga kabari mai sayar da madara ne, Pierre Celis, wanda ya taɓa taya aiki a gidan Tomsin yana saurayi. Ya fara gwaji a rumfar da ke gidansa, a 1966 ya shiga sayarwa. Kasuwa ta buɗe masa, har gobara ta cinye masana'antar a 1985. Inshorar da ya yi ba ta kai asarar ba, dole ya karɓi kuɗin babban kamfanin Stella Artois, wanda ya rikiɗe ya zama Interbrew, daga baya kuma ya sayar musu da komai. Celis bai zauna ba. Ya haye Amurka ya buɗe wata madafar a Austin ta jihar Texas a 1992, kuma daga nan ne Amurkawa suka kamu da son wannan nau'i. A 1995 kaɗai aka fito da Blue Moon a Denver da Allagash White a jihar Maine. Celis ya rasu a 2011. Shi kuwa garin Hoegaarden, a 2005 kamfanin InBev, magajin Interbrew, ya ce zai kwashe aikin giyar Hoegaarden ya kai garin Jupille kusa da Liège, mutanen gari suka fito zanga-zanga, a 2007 aka fasa.

Da yake Birtaniya ta soke neman lasisin dafa giyar gida tun 1963, Amurka kuma Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta hakan a 1978, akwai ɗimbin mutane da ke dafa lita 20 a ɗakin girki ko a gareji. Farar giya tana cikin waɗanda sabon shiga ke ruga wa, saboda a takarda kamar wasa: hatsi, ɗan furen hop mai ba giya ɗaci, ɓawon lemu, 'ya'yan kayan yajin koriyanda, yis. Sai ya ɗora tukunya yake gane akwai sauran aiki.

Matsalar farko tana cikin buhun hatsin. Yis ba ya cin sitaci, sukari yake ci, ita kuwa ƙwayar hatsi yawancinta sitaci ne. Sai an sami abin da zai farfasa sitacin nan ya koma sukari. Dabarar da ɗan Adam ya gano tun zamanin da ita ce tsiro. A jiƙa sha'ir kamar kwana biyu, a baza shi ya fara tsira na kwana huɗu ko biyar, ƙwayar ta ɗauka damina ta zo, ta saki sinadaran enzayim da za su narkar mata da abincin da ta tanada. Kafin ta cinye abincin sai a busar da ita da iska mai zafi. Enzayim ɗin suna nan a kwance, sitacin ma yana nan. Wannan busasshen tsiron shi ne malt.

Duk matar da ta iya kunun zaƙi ta san wannan ilimi ko da ba ta san sunansa ba. Tana dama kashi ɗaya na ƙullu da tafasasshen ruwa ya yi kauri, ta bar shi ya ɗan huce, sannan ta zuba ɗanyen kashin da ta markaɗa da dankali ko tsiron shinkafa. Kafin gari ya waye kunu ya tsinke, ya yi zaƙi. In ta yi garaje ta zuba yana tururi, zafi ya kashe enzayim ɗin, kunu ya zauna da kaurinsa salam. Abin da mai dafa giya ke yi da ma'aunin zafi a hannu ke nan.

To, a farar giyar Beljiyam, kusan rabin hatsin ɗanyar alkama ce wadda ba a tsirar ba. Nan ta bambanta da giyar alkama ta Jamus, wadda ake yi da tsiron alkama kuma ba a sa mata kayan yaji, domin al'adar Jamusawa ta ginu a kan dokar Bavaria ta 1516 da ta taƙaita kayan haɗi. A lita 20, mai dafawa a gida yakan auna wajen kilo 2.2 na tsiron sha'ir mai haske irin na pilsner, kilo 2 na alkama, da kamar giram 250 na hatsin ot. Ma'anar wannan lissafi ita ce tsiron sha'ir zai yi aikin kansa ya kuma ɗauki nauyin alkamar da ta zo hannu rabbana. Shi ya sa ake zaɓen tsiro mai haske, wanda ba a gasa da wuta mai ƙarfi ba, saboda shi ne enzayim ɗinsa ke da rai sosai. Mai ƙamshin gashi da launin ƙasa-ƙasa ba zai ja wannan kaya ba, kuma zai ɓata farin.

Wannan lissafi ya taɓa zama ciwon kan masana'antun Najeriya. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma kan dawar da ake nomawa a Arewa, sai suka tarar sitacinta ba ya narkewa sai da zafin da ya fi na sha'ir, tsironta kuma yana da ƙarancin enzayim ɗin da ke fitar da sukarin da yis ya fi so. Da yawa sun warware matsalar da sayen enzayim na masana'anta. Alkama ba ta da wannan taurin kai, sitacinta yana narkewa a daidai zafin da ake jiƙa tsiro. Nata sharrin daban ne.

Ƙwayar sha'ir tana da ƙaiƙayi manne a jikinta, kuma ƙaiƙayin nan ne ke zama rariya a gindin tukunya idan an zo tsiyaye ruwan zaƙin. Alkama tsirara take, ga furotin mai danƙo, ga ot da nasa yauƙin. Sai mutum ya buɗe famfon tukunya ya ga ruwa ya zubo kofi biyu ya tsaya cak, hatsi ya dunƙule ya toshe hanya. Maganin da aka saba da shi mai arha ne: a wanke buntun shinkafa cikin hannu biyu ko uku a cuɗa cikin hatsin. Ba ya ƙara ɗanɗano, ba ya ragewa, hanya kawai yake buɗe wa ruwa. Wasu kuma sun huta da wannan duka, suna zuba hatsin a babbar jakar yadi mai ƙananan ƙofofi, su tsoma a tukunya, in an gama su ɗaga ta ta tsane.

Zafin ruwan shi ne linzami. Masu bin tsohuwar hanya sukan fara da digiri 50 a ma'aunin Celsius na minti 15 zuwa 20 don a sassauta furotin. In aka zarce da yawa an yi asara, domin furotin ɗin nan shi ne kumfar, shi ne kuma hazon. Daga nan a ɗaga zuwa tsakanin 65 da 67 na awa guda. Enzayim biyu ne ke aiki a nan, ɗaya ya fi son ƙasa da 65 yana fitar da sukarin da yis zai cinye tas, ɗayan ya fi son kusa da 70 yana barin sukari mai nauyi da zai saura ya ba abin sha jiki. Digiri biyu ko uku kacal ke raba giya mai tsinkakken jiki da mai kauri. Don a san ko an gama, sai a ɗebi ɗigon ruwan a farin faranti a ɗiga masa aidin. In ya koma shuɗi mai duhu, da sauran sitaci. In ya zauna da launin aidin ɗin, aiki ya yi.

Abin mamaki, ƙorafin da ya fi yawa a bakin masu dafa ta a gida shi ne ta washe. Bayan mako uku a firji sai hazon ya kwanta a gindin kwalba, a zuba a kofi a ga garau. Hazo na gaske haɗin furotin ne da ƙwayoyin yis da suka ƙi nitsewa, kuma nauyi yana jan su ƙasa ko ba jima ko ba daɗe. Akwai masu zuba cokalin fulawa a tukunya lokacin tafasa don sitaci ya riƙe farin. Ido yakan gamsu, amma ni ban ga hikimarsa ba, saboda sitacin da yis ba zai ci ba abinci ne aka ajiye wa ƙwayoyin cuta. Hanyar da aka saba ta fi sauƙi: a rage ɗan saura a kwalba, a juya shi ya tayar da abin da ya kwanta, a ƙarasa zubawa.

Tafasa kuwa ba ta da wani dogon labari. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tukunya a buɗe, domin tsiron pilsner yana sakin wani sinadari mai warin dafaffiyar masara, in aka rufe sai ya koma ciki da tururi. Furen hop kaɗan ake sawa, kamar giram 30 na irin Saaz na ƙasar Cek ko makamancinsa. A ma'aunin ɗaci na IBU farar giya tana tsakanin 8 da 20, alhali nau'in IPA da Amurkawa ke so yana haura 40.

Sai kayan yaji, inda kowa ke zaton nan sirrin yake. Kafin hop ya kama kasuwa, Turawan yankin da ganyaye da saiwoyi suke ƙamsasa giya, kuma farar giya ragowar wannan tsohuwar al'ada ce. Ɓawon lemun da aka fi dangantawa da ita na wani lemu ne mai ɗaci daga tsibirin Curaçao na tekun Karibiyan, jikan lemun da Sifaniyawa suka kai can ya ƙi yin zaƙi, tsibirin kuma ya faɗa hannun Holan a 1634. Naman lemun ba ya ciwuwa, ɓawon ne ke da daraja idan ya bushe. Mai dafawa a gida yana iya sayen busasshen, ko ya kankare bayan ɗanyen lemu, amma launin kawai, ban da farin da ke ƙasa, domin shi ɗaci ne zalla.

Koriyanda ta fi lemun muhimmanci, kuma ita aka fi ɓatawa. Yawancin ƙamshin lemun da mai sha ke ji, daga 'ya'yan koriyanda yake fitowa. Wadda aka niƙa ta daɗe a kanti ba ta da amfani, takan ba da wani gafi mai kama da na dafaffen nama ko ganyen miya. Ana son 'ya'yan sabbi, musamman dogayen nan na Indiya, a farfasa su a turmi a ranar, a shinshina. In ba a ji lemu-lemu ba a zubar. Giram 10 zuwa 20 sun isa lita 20, ɓawon lemu kuma 15 zuwa 30, a zuba saura minti biyar a sauke tukunya, saboda man ƙamshin yana bin tururi ya gudu. Wasu suna ƙara ɗan furen kamomil, wasu kuma citta mai 'ya'ya, wadda tun ƙarnonin baya ake ɗibarta daga gaɓar Afirka ta Yamma zuwa Turai. Kuskuren sabon shiga kullum ɗaya ne, hannu mai nauyi. Yanka lemu a maƙala a bakin kofi kuwa dabarar talla ce da Blue Moon ta yayata a Amurka.

Amma in aka tambaye ni, kayan yaji ado ne, mai gidan shi ne yis. A raba ruwan zaƙi ɗaya gida biyu, a sa wa ɗaya yis ɗin giyar Ingila, ɗayan a sa masa na farar giya irin su WLP400 na White Labs ko 3944 na Wyeast, abin sha biyu za a samu da ba su yi kama ba ko kaɗan. Wannan yis, yayin da yake cin sukari yana fitar da barasa da iskar kabon, yana kuma fitar da wasu sinadarai masu ƙamshin kanumfari da barkono da 'ya'yan itace, da ɗan tsami-tsami. Kuma yawan abin da zai fitar ya danganta da zafi. Tsakanin digiri 18 da 22 ake so. In ya haura 25 tun farko, sai a ji wari mai kaifi irin na man goge farce, babu kuma koriyandar da za ta rufe shi. Ga shi cikin bokitin ya fi ɗakin zafi da digiri biyu ko uku, domin aikin yis da kansa yana haifar da ɗumi. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar ke sayen tsohon firji su haɗa masa na'urar daidaita sanyi tun kafin su sayi tukunya mai tsada.

Daga lokacin da aka sauke tukunya, tsafta ta zama doka. Ruwan zaƙi mai ɗumi abinci ne ga kowace ƙwayar da ke yawo a iska, don haka a sanyaya shi da gaggawa, kuma duk abin da zai taɓa shi, bokiti, tiyo, cokali, sai an kashe masa ƙwayoyi. Farar giyar zamanin baya ta fi ta yau tsami saboda ƙwayoyin da ke tsamar da nono suna shiga da kansu. Yau mai son tsamin yakan sa shi da awo, ko da ɗan tsiro mai tsami ko da ɗigon asid na madara, maimakon ya bar wa sa'a.

Yis ɗin nan yana da halaye biyu masu tayar da hankalin wanda bai sani ba. Kwana biyun farko kumfa takan taso ta cika bokiti ta biyo ta murfi, sai an bar sarari a sama, a kuma sa tiyo daga murfin zuwa cikin kwalbar ruwa. Sannan sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗaki, mutum ya ɗauka ta lalace. Ba ta lalace ba, warin yana bin iska ya fita. Hali na uku shi ne mai haɗari: bayan wannan rawar kai sai yis ya yi sanyi, ya riƙa ƙarasa aikin a hankali, kamar ya gama alhali bai gama ba.

Ido ba ya yanke wannan hukunci, sai ma'aunin kaurin ruwa, wani siririn gilashi da ke yawo a saman ruwa. Ruwa zalla yana nuna 1.000. Ruwan zaƙin farar giya yakan fara a wajen 1.048, ya sauka zuwa wajen 1.010. Bambancin, in aka ninka shi da 131, yana ba da ƙarfin barasa kusan kashi 5 cikin 100, kusa da 4.9 da ke jikin kwalbar Hoegaarden. Sai awon ya tsaya wuri ɗaya kwana biyu ko uku a jere ake ɗurawa. Dalili kuwa, a kwalba ake ƙara sukari, giram 7 zuwa 8 a kowace lita, a rufe, ragowar yis ya ci, iskar ta rasa mafita ta narke a ciki ta zama gas. In da sauran sukarin farko da ba a cinye ba, lissafi ya rushe, kwalabe su riƙa fashewa a kabad, kuma gilashin yana raunata mutane. Kwalba mai kauri ake nema, mai launin ƙasa, domin haske yana juya sinadarin hop ya koma wari. Mako biyu zuwa uku a ɗaki mai ɗumi ta nuna. Ba ta ajiyuwa kamar giyar Beljiyam masu ƙarfi da ake shekara da su. Cikin 'yan watanni ƙamshin lemu da koriyanda ya dushe.

Akwai tambayar da mai karatu zai iya yi: ana iya samun wannan ɗanɗano ba tare da barasa ba? Kamfanoni suna yi, Hoegaarden ma tana da mai lambar 0.0. Hanyoyinsu biyu ne, ko a hana yis yin nisa tun farko, ko a bar shi ya gama sannan a zare barasar da injin da ke rage matsin iska don ta ƙafe ba tare da zafi mai yawa ba, ko da matata mai ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. A gida babu waɗannan injina. Tafasa giyar da ta riga ta nuna ba ya fitar da barasar duka, kuma ƙamshin ne ke riga ta gudu. In kuwa aka tsaya kafin a zuba yis, abin da ke hannu ruwan malt ne mai zaƙi da ƙamshin lemu, babu kanumfarin, babu tsamin, babu gas, kuma sai an ajiye shi a sanyi an shanye da wuri, in ba haka ba yis ɗin da ke iska zai fara aikin da ba a sa shi ba. Rubutun kwalba ma sai an karanta da kyau, domin a ƙasashen Turai da dama doka ta yarda a rubuta "babu barasa" a kan abin da ke ɗauke da har kashi 0.5 cikin 100.